Bayan an sa hannu an ɗauki hoto, sai me?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu in yi tsokaci kan wani irin labari da kuke yawan bugawa, ku da sauran jaridu, wanda duk lokacin da na karanta sai in ga an tsaya daidai inda ya kamata a fara. Ina nufin labarin jami'a kaza ta ƙulla yarjejeniyar fahimtar juna da jami'a kaza ta wata ƙasa. Ga hoto, shugabanni biyu suna miƙa wa juna fayil, ƙananan tutoci biyu a kan tebur, kowa haƙoransa a waje. A ƙasan hoton an rubuta cewa za a yi musayar ɗalibai da malamai, za a kuma yi bincike tare. Daga nan sai shiru. Ban taɓa ganin wakilinku ya koma bayan shekara biyu ya tambayi ɗalibi nawa ne suka tafi ba.

Ni malamin jami'a ne, kuma na daɗe ina zama a kwamitin da ke kula da hulɗa da jami'o'in ƙetare, don haka irin waɗannan takardu sun sha bi ta hannuna. Galibinsu shafi biyu ne ko uku, wa'adinsu shekara uku ko biyar. Can wajen ƙarshe akwai wata jimla da ba ta taɓa fitowa a jarida, wadda ke cewa wannan takarda ba ta ɗora wa kowane ɓangare nauyin kashe ko sisi ba, kuma duk aikin da za a yi sai an sake zama an rubuta masa tasa yarjejeniyar. Wato dai takardar gabatar da kai ce, ba ta aiki ba. Akwai lokacin da muka zazzage fayilolin a kan tebur don mu ga masu rai a cikinsu. Da yawa wa'adinsu ya ƙare tun tuni, ba mu lura ba, su ma can ba su lura ba. Wata ma mutumin da aka rubuta sunansa a matsayin wanda za a tuntuɓa ya yi ritaya tun kafin wasu daga cikinmu su shiga kwamitin. 'Yan kaɗan da muka tarar suna motsi kuwa, duk labarinsu ɗaya ne: wani malami a nan da wani malami a can sun san juna tun kafin a yi takardar, suna aiki tare, daga baya shugabanni suka zo suka sa hannu a kan abin da ya riga ya tsaya da ƙafarsa.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne abin da ya sami wata ɗalibarmu. Yarinya ce mai ƙwazo, ta sami damar yin zangon karatu ɗaya a wata jami'a da ke koyarwa da Faransanci, a ƙarƙashin irin wannan yarjejeniya. Ta je, ta sha wuyar harshe, ta ci jarrabawarta, ta dawo da takardar sakamako mai hatimi. A can ana ba da maki ne bisa 20, ta sami 14, wanda a tsarinsu maki ne na yabo. Jami'in jarrabawa na sashenmu ya juya takardar gaba da baya ya ce shi ba a ba shi ikon cewa 14 cikin 20 daidai yake da kaza a namu tsarin ba. Shugaban sashe ya ce sunayen kwasa-kwasan ba su zo ɗaya da namu ba. Masu kula da kwamfutar rajista suka ce babu gurbin da za a shigar da kwas ɗin da ba shi da lambarmu. Takarda ta yi ta yawo daga ofis zuwa ofis har zango ya shige, aka ce ta maimaita. Babu wanda ya nufe ta da sharri a cikinsu, kowa dokar da ke gabansa ya bi. Amma ƙannenta a sashen sun ga abin da ya faru, kuma da aka sake tallar irin wannan dama, masu ƙwazon cikinsu suka noƙe.

A nan ne nake son masu karatu su duba yadda ƙasashen Turai suka yi nasu, ba don sun fi kowa son juna ba, sai don sun zauna sun yi aikin da ba shi da armashi. Shirin Erasmus, na musayar ɗalibai tsakanin jami'o'in Turai, ya fara a 1987 da ɗalibai 3,000 da 'yan kai, yau kuwa waɗanda suka ci moriyarsa miliyoyi ne. Abin da ya riƙe shi ba jawabin shugabanni ba ne. Daga 1989 suka fara gwada ma'auni ɗaya na nauyin karatu, ba makin jarrabawa ba, inda shekarar karatu guda take daidai da maki 60 a ko'ina, kowane maki ɗaya kuma yana nufin aikin awa 25 zuwa 30, har da karatun da ɗalibi ke yi shi kaɗai. Kafin ɗalibi ya hau jirgi, akwai takardar da mutum uku ke sa wa hannu: shi kansa, da jami'arsa, da jami'ar da za ta karɓe shi. A ciki an jera kwasa-kwasan da zai yi a can da na gida waɗanda za a ɗauke masa a madadinsu. Ba ya biyan kuɗin makaranta a jami'ar da ya je baƙunta. Idan ya dawo, babu wani jami'in jarrabawa da zai juya takardarsa gaba da baya, domin an gama wannan gardamar tun bai tafi ba. A 1999 ministocin ilimi na ƙasashe 29 suka haɗu a Bologna ta Italiya suka amince a daidaita matakan digiri, don digirin farko na wannan ƙasa ya zama abin ganewa a waccan. Duk wannan aikin magatakarda ne da malaman ofis, irin aikin da ba a kiran 'yan jarida su ɗauki hotonsa.

Ba wai sauran duniya ba ta da irin waɗannan takardu ba. Ƙasashen Afirka sun yi yarjejeniyar Arusha a 1981 kan amincewa da takardun shaidar karatu na juna, suka sabunta ta a Addis Ababa a 2014, ta fara aiki a 2019. Hukumar UNESCO ma ta zartar da ta duniya baki ɗaya a 2019, ta fara aiki a 2023. Sai dai tsakanin ɗakin taron da aka sa hannu da teburin jami'in jarrabawa akwai tafiya mai nisa, kuma har yanzu saƙon yana kan hanya.

Akwai kuma tsohuwar ɗabi'a da muka gada, ta ɗaga kai sama idan ana maganar haɗin gwiwa, maimakon a waiga dama da hagu. Tana da asali. Kwalejin Fourah Bay ta Saliyo ta jingina da Jami'ar Durham ta Ingila daga 1876 zuwa 1967. Kwalejojin Ibadan da Legon ta Gana da Makerere ta Yuganda, a ƙarshen shekarun 1940, digirin Jami'ar Landan suke bayarwa, daga can ake amincewa da manhaja, daga can ake duba jarrabawa. Tsarin ya yi ranarsa, ya fitar da manyan malamai, ba na musun wannan. Amma ya bar mana tunanin cewa abokin hulɗa na gaske sai wanda ke bayan teku. Har gobe za ka ga malamai biyu a ƙasashe biyu masu iyaka da juna suna bincike kan cuta ɗaya ko tsiro ɗaya, ba su taɓa jin sunan juna ba sai ranar da wata jami'ar Turai ta gayyace su taro ta zaunar da su a tebur ɗaya. Ƙungiyar Jami'o'in Afirka, wadda aka kafa a Rabat a 1967 kuma hedikwatarta ke Akra, don magance wannan aka yi ta. A 2015 jami'o'i 16 masu ƙarfin bincike suka kafa tasu ƙungiyar a Dakar, wadda ake kira ARUA. Amma wadda ta fi burge ni ita ce wadda masu karatu da Ingilishi ba su cika sanin ta ba, wato CAMES, majalisar kula da ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, da aka kafa a 1968, mai mazauni a Wagadugu. A tsarinta, malamin da ke neman ƙarin girma ba abokan shan shayinsa ne za su auna aikinsa ba. Fayil ɗinsa zai tafi gaban kwamitin masana daga ƙasashe dabam-dabam, su duba, su yanke. Malamansu suna ƙorafi da jinkirinta da tsaurinta, na sha ji da kunnena. Duk da haka, wannan haɗin gwiwa ne da ke taɓa albashin mutum da muƙaminsa, shi ya sa ba wanda ya isa ya manta da shi a cikin durowa.

Yanzu bari in zo kan kuɗi, domin a nan gizo ke saƙar. Yadda abin ya saba zuwa shi ne, saƙo zai shigo maka daga wani farfesa da ba ka sani ba, ko ka sani sama-sama. Ya ga sanarwar tallafin bincike, sharaɗin masu ba da kuɗin shi ne sai da abokin aiki daga ƙasa mai tasowa, kuma saura 'yan kwanaki a rufe. An riga an rubuta komai: tambayar da za a bincika, hanyar da za a bi, kasafin kuɗi. Abin da ake so daga gare ka shi ne tarihin aikinka da wasiƙar goyon baya mai ɗauke da tambarin jami'arku. Idan an dace, kuɗin a asusun jami'arsu zai sauka, su cire kason gudanarwa, su riƙa turo maka naka gutsure-gutsure bayan ka kawo rasit. Kai da ɗalibanka za ku shiga rana ku tattaro samfur, ku cika kwalabe, ku manna musu lamba, a saka a akwatin ƙanƙara a kai filin jirgi. A can za a auna, a can za a ajiye alƙaluman, a can za a rubuta. Ranar da maƙalar ta fito a mujalla, sunanka yana tsakiya cikin jerin sunaye, inda ba a dubawa, ɗalibanka kuwa sai a layin godiya idan an tuna da su. Na ga firizar da aka saya da kuɗin irin wannan aiki tana tsaye a lungun ɗakin gwaje-gwaje bayan aikin ya ƙare, an mai da ita ma'ajiyar tsofaffin takardun jarrabawa, domin ba a sa kuɗin gyara ko na horar da mai gyara a kasafin ba.

Kada a ce na ɗora laifin duka a kan baƙi. Sau da yawa suna riƙe kuɗin a wurinsu ne saboda sun taɓa turowa sun ga yadda ya kwana a ofishin kuɗi wata da watanni ana jiran sa hannun wanda ya yi tafiya. Wasu daga cikinmu ma alawus ɗin tafiya da tambarin biza a fasfo suke hange, ba aikin ba. Akwai kuma masana na can da na yi aiki da su waɗanda suka dage sai an sa sunan ɗalibinmu a farko domin shi ya yi aikin. Su kansu masu ba da tallafin sun fara jin kunyar tsohon salon. A 2022 an yi babban taron duniya kan gaskiya a harkar bincike a birnin Cape Town, wanda daga baya ya haifar da sanarwa kan adalci tsakanin abokan bincike na ƙasashe masu hali da marasa hali, kuma wasu manyan mujallu yanzu sukan tambayi marubuta wace rawa masanan ƙasar da aka yi binciken suka taka. Amma wanda bai zauna a wurin da aka rubuta tambayar ba, ko an sa sunansa a farko, ɗan aike ne.

Idan haɗin gwiwa ya yi kyau, yana barin abin da ba ya shiga jirgi ya koma. Gwamnatin Botswana da Jami'ar Harvard sun fara aiki tare kan cutar ƙanjamau a 1996, suka gina ɗakin gwaje-gwaje a Gaborone, suka horar da 'yan ƙasa. Bayan shekara 25, a Nuwamban 2021, a wannan ɗaki ne Dokta Sikhulile Moyo da abokan aikinsa suka hango wani sabon nau'in korona, a daidai lokacin da takwarorinsu na Afirka ta Kudu su ma suka gan shi. Shi ne aka sa wa suna Omicron. Suka sanar da duniya nan take, kamar yadda ƙa'idar ilimi ta tanada. Tukuicin da suka samu shi ne, cikin kwanaki kaɗan ƙasashe da dama suka rufe ƙofa ga matafiya daga yankinsu. Na kawo wannan ne don a ga abu biyu a wuri ɗaya: ƙwarewar da aka shuka ta tsira a inda aka shuka ta, sannan masana na iya zama 'yan'uwa alhali ofisoshin biza na ƙasashensu ba su san da zumuncin ba. Ko a ranakun lafiya ma, taron da aka shirya don tattauna matsalar ƙasashe matalauta yakan gudana kujerun 'yan waɗannan ƙasashen babu kowa, takardunsu suna ofishin jakadanci.

Shekarun nan kuma sun koya mana abin da Bahaushe ke nufi da kayan aro ba ya rufe katara. A 2021 Birtaniya ta rage kuɗin agajin da take bayarwa daga kashi 0.7 zuwa kashi 0.5 cikin ɗari na arzikinta, hukumar bincikenta ta wayi gari da giɓin fam miliyan 120, aka datse ayyukan da ke tsakiyar tafiya. A 2023 Suwidin, wadda ta daɗe tana ɗaukar nauyin digirin digirgir na malaman jami'o'i irin su Makerere da Dar es Salaam, ta soke wani babban asusun bincike kan ƙasashe masu tasowa bayan mutane sun riga sun miƙa takardun nema. A 2025 Amurka ta rushe USAID, hukumarta ta ba da agaji ga ƙasashen waje, cibiyoyin binciken noma da ke haɗa jami'o'inta da na Afirka da Asiya suka rufe ɗaya bayan ɗaya. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai ɗalibin da ke shekara ta biyu a digirinsa, da gonar gwaji da aka shuka ba a girbe ba. Babu wanda ya tambayi jami'o'in da ke ɗaya ɓangaren kafin a yanke, domin ba su da ko kwabo a cikin asusun. Shugabannin Afirka sun yi alkawari tun 2007 cewa kowace ƙasa za ta ware kashi 1 cikin ɗari na arzikinta don bincike, kuma har yau da wuya ka nuna wadda ta cika. Jami'ar da ba ta iya biya wa malaminta kuɗin mota zuwa ƙasar da ke maƙwabtaka da ita, yaya za ta yi ta ce ba ta yarda da sharaɗin mai biyan kuɗin jirgi ba?

Akwai wani tsari da nake ganin ya fi kowanne fahimtar ciwon malami a jami'ar da ba ta da hali. Abdus Salam, masanin kimiyyar fiziya ɗan Pakistan wanda ya ci kyautar Nobel a 1979, ya koma Lahore koyarwa a 1951 bayan karatunsa a Cambridge. Bai daɗe ba ya ga kaɗaici zai kashe masa ilimi, babu mujallu, babu wanda zai yi gardamar lissafi da shi, sai ya sake ficewa a 1954. Da ya kafa cibiyarsa a Trieste ta Italiya a 1964, sai ya ƙirƙiro tsarin da malami daga ƙasa mai tasowa zai riƙa zuwa na 'yan makonni ko watanni, sau uku cikin shekara shida, a biya masa kuɗin tafiya da masauki, bisa sharaɗin yana nan yana koyarwa a ƙasarsa. Ya zo ya wasa ƙwaƙwalwa, ya koma wa ɗalibansa. Ba a buƙatar shugaban jami'a ko tuta a kan tebur. Irin wannan ƙaramin abu jami'o'i uku ko huɗu na ƙasashe maƙwabta za su iya yi wa junansu ba tare da jiran kowa ba: ɗaki ɗaya a gidan baƙi, tebur a ɗakin gwaje-gwaje, damar shiga laburare, da musayar malaman da ke zuwa duba jarrabawar ɗaliban digiri na biyu da na uku. Wanda ke da na'urar da babu a wurin ɗan'uwansa ya buɗe masa ƙofa, shi kuma ya rama da abin da yake da shi. Sai kuma magatakardan jami'o'in su zauna yini biyu su rubuta teburin da ke cewa makin nan daidai yake da wancan, majalisun jami'o'insu su amince, a ba kowane jami'in jarrabawa kwafi.

Don haka, Malam Edita, roƙona gare ka ɗan ƙarami ne. Ba na cewa ku daina buga labarin sa hannu, masu hulɗa da jama'a na jami'o'i ma sai sun ci abinci. Amma duk ranar da aka gayyaci wakilinku irin wannan biki, ya nemi a nuna masa takardar kanta, ya karanta sakin layin da ke maganar kuɗi. Ya tambayi sunan malamin da zai riƙe aikin a nan da wanda zai riƙe a can, ya tambaya ko ɗalibin da ya tafi za a lissafa masa zangonsa idan ya dawo, kuma a wace takarda aka rubuta hakan. Idan bincike ne, a wace jami'a za a ajiye samfur da alƙaluma? Sannan ya rubuta ranar a littafinsa, bayan shekara biyu ya koma ofis ɗin ya ce a kira masa ɗalibi ɗaya da ya je ya dawo, yana son ya yi hira da shi.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridar nan albarka.

Naku,
Wani malamin jami'a, mai karanta ku kullum